Ranar da Na Ajiye Baba a Kan Dutsen Kiribi

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A masallaci tambaya, a kasuwar kifi tambaya, har Malam Buba mai shayi, wanda iyakar tafiyarsa Pitowa ranar kasuwa, ya tsare ni wai da gaske ne ruwan teku gishiri ne, ko dai cika baki ne irin na 'yan boko. Gishiri ne, Malam Buba, na sha shi har ya fito mini ta hanci. To ga labarin daga farko, wanda kuma ya sake tambayata bayan wannan sai mun ɓata.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu biyu ne maza wurin Baba, ni Isiyaku da ƙanena Habu. Kakanninmu masunta ne da suka biyo ruwa daga Najeriya suka zauna nan Garwa, bakin kogin Binuwai. Ni na gaji taru da kwale-kwale, da ƙarfi ya fara ja baya na koma sayar da banda. Habu kuwa, yaron da in an sa shi a kwale-kwale sai ya ƙanƙame ƙafata yana ihu, shi aka kai lekol, wato makarantar boko, saboda ba shi da amfani a ruwa. Daga nan sai lise, sakandare ke nan, sai jami'a a Duwala, sai ƙasar Turawa. Ya dawo wai shi dokta ne na kifin teku. Dokta na kifi! Ni da na yi shekara talatin hannuna na ƙarni, ba wanda ya taɓa ce mini ko malam.

Shekara shida ke nan da yanar ido ta rufe wa Baba gani. Ni ke jan hannunsa zuwa masallaci, ni ke cire masa ƙaya a kifi, ni na san tarinsa na mura da tarinsa na fushi. Rannan sai ga wayar Habu, wai an ba shi shugabancin cibiyar binciken da yake aiki a Kiribi, can bakin teku, za a yi biki.

"Hamma, ka kawo mini Baba," in ji shi, don haka yake kirana, wato Yaya da Fulatanci. "Kuma in ya zo ya zauna wurina ke nan. Akwai likitan ido da na sani, a yi masa aiki. Kai ma ka huta haka nan."

In huta! Wa ya ce masa na gaji? Ya ɗauki karatu, ya ɗauki suna, yanzu abu ɗaya da ya rage mini a duniya, wato tsohon nan, shi ma yana so. A raina na yi rantsuwa, zan kai shi, amma da shi zan dawo.

Habu ya ce mu hau jirgin sama. Na ce Baba ba zai iya ba, ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Ƙarya nake, ko tambayar Baba ban yi ba. Ban so dai unguwa ta ɗauka cewa Habu ya ɗora ubansa a jirgi, abin da ni ban taɓa yi ba. Saboda haka muka tafi ajans, wato tashar mota, muka hau babbar mota, na jawo wa tsoho zaman kwana uku a kujera.

Daga Garwa zuwa Ngaundere ba wani abu sai hawan dutsen nan da kowa ya sani, mota na nishi, fasinja na salati. Kusa da mu akwai wani mai fataucin shanu, Alhaji Ɗanjuma, mutumin Meiganga, mai fara'a da yawan goro. Kafin mu gama hawan Baba ya ba shi tarihin Habu kaf: yadda yake yin watanni a cikin jirgin ruwa ba ya ganin ƙasa, yadda Turawa ke kiransa taro, yadda aka taɓa jin muryarsa a rediyo. Alhaji ya nuna ni ya ce, "Wannan fa?"

Baba ya ce, "Wannan Isiyaku ne."

Shi ke nan tarihina. Na juya fuska wajen taga har muka sauka salla.

Bayan Meiganga, wajen Garwa-Bulai inda hanya ke goga iyakar Afirka ta Tsakiya, jandarma suka ce kowa ya sauko da katin shaidarsa a hannu. Katin Baba ashe wa'adinsa ya wuce, ni kuwa ban duba ba. Na tattaro ɗan Faransancin da nake da shi na kasuwa, na roƙa, na rantse, na nuna idon tsohon, mutumin ko kallona bai yi ba. Direba ya fara danna oda. Baba ya ce, "Kira Habu mana." Na yi kamar ban ji ba, sai da ya faɗa sau uku. Na kira, na miƙa wayar. Ban san me Habu ya ce ba, na dai ga jandarman ya saki fuska, ya ce a sabunta katin in an isa, har ya kama hannun Baba ya hau da shi mota da kansa. Fasinja suka yi ta sa wa Habu albarka, mutumin da ko ganinsa ba su taɓa yi ba.

A Bertuwa muka kwana, Alhaji Ɗanjuma ya kai mu gidan mai masaukinsa a unguwar Hausawa, Allah ya saka masa. A nan na fara gamuwa da abincin kudu. Wani jiƙaƙƙen rogo ne da suke naɗewa a ganye, dogo kamar sanda, suna ce masa bobolo. Baba ya shinshina ya ce, "Wa ya manta taru a ruwa?" Amma ya cinye biyu, ni na kasa ko rabi. Abin da ya fi ba ni haushi gaisuwarsu. A Yawunde, inda muka canja mota, ka ce wa mutum bonjur ya ce bonjur, an gama. Ba ina gajiya, ba ina iyali, ba ya ka baro mutanen gida. Ruwan sama kuma ba ya shawara da kowa, yanzu rana, yanzu ka jiƙe. Duk wannan ina nuna wa Baba, ina cewa, "Ka ji ƙasar da ake so ka zauna." Shi dai sai ya ce, "Uhm."

Habu ya tarye mu a tashar Kiribi da mota har da direba. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gefen kunne. Ya durƙusa a gaban Baba cikin taɓon tasha da farin wandonsa, Baba ya shafa fuskarsa yana hawaye. Ban taɓa ganin Baba ya yi hawaye saboda ni ba, amma kuma ni ban taɓa zuwa ko'ina ba balle a yi kewata.

Gidansa kam sai dai a ce ma sha Allah, ko da yake ni da ƙyar na faɗa. Matarsa Ramatu, 'yar Marwa ce, ta shirya wa Baba ɗaki a ƙasa, an kafa ƙarfen dafawa daga bakin gado har banɗaki, yadda zai je da kansa ba sai an ja shi ba. Na zagaya ɗakin ina neman aibu. Na danna katifa, na buɗe famfo, na leƙa ƙarƙashin gado. Ban samu ba. Ta yi mana tuwon dawa da miyar yakuwa irin ta gida, har ta cire wa Baba ƙaya a kifi, kuma ta cire da kyau. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Da la'asar aka kai mu bakin teku. Ku masu tambaya, ga amsarku: ruwa ne ba tsallake. Baba ya tsaya yana saurare, ya ce, "Ina ɗaya gaɓar?" Habu ya ce babu, sai wata duniyar. Baba ya sa aka ɗebo masa a tafin hannu, ya lasa, ya tofar, ya ce, "Kuma kifi na rayuwa cikin wannan?" Ni kuwa gabana ya faɗi. Ruwan ba ya kwanciya, sai tasowa yake yana dukan rairayi kamar mai bin haƙƙi.

Washegari muka je wurin aikinsa. Na ɗauka zan ga wani abin a zo a gani, sai na tarar da manyan mutane da fararen riguna suna auna kifi da abin awon tela. Su auna, su ɗora a sikeli, su rubuta. Habu ya fasa kan wani kifi ya zaro wani ɗan farin dutse bai kai ƙwayar wake ba, ya ce a jikinsa akwai zane-zane, in an duba da madubi ana sanin shekarun kifin. Da haka suke gane ko ana kame kifi tun bai isa haihuwa ba, sai su ba da shawarar a faɗaɗa idon taru ƙanana su wuce. Ya ce da ya fara wannan maganar masuntan wurin har jifansa suka yi. Ya sa dutsen a tafin Baba. Baba ya murza shi ya ce, "Ikon Allah! Giwan ruwa ma na da shi. Shekara nawa muna zubarwa, ashe takarda ce."

Na ce, "Ni da ido nake sanin shekarun kifi." Wani mai farar riga ya yi murmushi kawai.

Ranar bikin aka zaunar da mu a gaba. Duk jawabin da Faransanci ne, ni ne kuma tafintan Baba. Wani babba daga Yawunde ya tashi ya yi ta zuba: yadda Habu ya fito daga gidan masunta a arewa, yadda ya ƙi zama Turai ya dawo, ɗaliban da ya yaye, shekarun da ya yi yana bin masunta gaɓa gaɓa har suka yarda da shi. Na ji fiye da rabi, Faransancina bai lalace haka ba. Aka ɗauki tafi. Baba ya taɓa ni ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce yana zuwa aiki da wuri."

Baba ya ce, "Duk wannan tafin na zuwa aiki da wuri ne?"

Na ce haka al'adarsu take.

Bayan an watse Habu ya sake tayar da maganar zama, a gabana. Baba ya ce zai yi tunani. Nan na san in ban samu tsohon nan ni da shi kaɗai ba, an gama da ni. Da safe, Habu na shirin fita, na ce zan kai Baba shan iska bakin ruwa. Ya dubi wata takarda da ke manne a bango ya ce, "To Hamma, amma kada ku yi nisa cikin rairayi. Yanzu ruwan ya janye, wajen sha ɗaya zai dawo."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Habu, ni za ka koya wa ruwa? Ruwan ne ya ba ka alkawarin ƙarfe sha ɗaya?" Ya buɗe baki zai yi bayani, na ja hannun Baba muka fita.

Ku da kuka san Binuwai ku yi mini adalci. Ruwanmu sau ɗaya yake cika a shekara. In ya janye ya bar rairayi, wannan rairayin naka ne har damina, mata su yi shanya a kai, wasu har shuka suke yi. Da muka isa na ga teku ta ja baya da nisa, ga fili shimfiɗe, ga wani faffaɗan dutse can ciki, busasshe, iska na kaɗawa. Ban kawo komai a raina ba. Na kwatanta wa Baba wurin, shi ma Baban, sarkin ruwa guda, ya ce, "Ai in ya janye ya janye." Na shimfiɗa masa darduma a kan dutsen muka zauna.

Na fara aikina. Na ce nan masallaci da nisa, ba abokan hira, ba mai gaishe ka da Hausa ko Fulatanci. Na ce Habu kullum yana tafiya, wa zai zauna da kai? Har na ce aikin ido ma ba kowa ke dacewa ba, Allah ya yafe mini wannan. Baba ya saurara har na ƙare. Ya ce, "Na ji. Ina jin ƙamshin banda ta wancan gefen. Je ka gano mini da wane itace suke yi." Korata yake, na sani, amma na tafi.

Bayan wasu bishiyoyin kwakwa na tarar da mata suna banda a kan ganguna. Babbarsu, Mama Terez, mace mai jiki da murya, tana jin ɗan Fulatanci don ta taɓa zama Ngaundere. Na ga wutarsu ta yi yawa, kifin na ƙonewa a waje cikinsa ɗanye. A nan fa aka zo fagena! Na naɗe hannun riga, na rage wuta, na nuna musu yadda muke jera kifi da juya shi. Suka kewaye ni suna kallo, ɗaya har da tafi. Tun da na baro Garwa sai a lokacin na ji ni ma mutum ne. Na yi ta zuba, ban san rana ta ɗaga ba. Mama Terez ce ta ce, "Ɗazu na gan ka da wani tsoho, ina ka bar shi?" Na nuna mata wajen dutsen. Ta yar da abin da ke hannunta ta kwantsama ihu.

Filin da muka taka babu shi. Ruwa ne ko'ina, yana ta tumbatsa. Can ciki na hango Baba tsaye a kan abin da ya rage na dutsen, dardumar ta tafi, ruwa na dukan ƙwaurinsa, ya miƙa hannu ɗaya gaba yana laluben iska. Sunana yake kira.

Na faɗa ruwan da rigata. Na iya iyo, kun sani, na tsallake Binuwai tana cike ba sau ɗaya ba. Amma wannan ruwan ba ya tafiya gefe guda. Ya ɗaga ni ya maka da ƙasa, na taso ya sake makawa, ya cika mini ido da baki da gishiri. Da ƙyar na kai dutsen, gwiwata na jini. Na rungume Baba, sai kuma na rasa yadda zan yi. In na sauka da shi, igiyar ruwa ɗaya za ta raba mu.

Sai na ji an ce, "Hamma, kada ka motsa!" Habu ne, da rigarsa ta ofis, ruwa iya ƙirjinsa. Ashe ya ga lokaci ya yi, ya kira gida aka ce ba mu dawo ba. Yana tahowa yana tsayawa, in babbar igiya ta taso sai ya juya mata gefe ya dasa ƙafa, ta wuce ya ci gaba. Ya iso ya juya baya ya ce in ɗora masa Baba. Na ɗora. Ya ce, "Riƙe bel ɗina. In na ce tsaya ka tsaya, in na ce taho ka taho." Haka muka fito, yaron da ke ƙanƙame ƙafata a kwale-kwale yana goye da ubana, ni ina biye ina riƙe da ɗamararsa.

A gaɓa mutane sun taru, Mama Terez na zazzaga mini masifa da yaren da ban ji ba. Habu ko harara bai yi mini ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Baba kuwa, yana rawar sanyi, abin da ya fara faɗa shi ne, "Ni na ce a kai ni wurin. Ni na aike shi." A gida ma haka ya gaya wa Ramatu.

Washegari bayan an karya, Baba ya sa aka kira mu mu biyu. Ya ce, "Isiyaku, haɗa kayanmu. Gobe za mu koma." Habu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Aikin idon fa, Baba?" Baba ya ce, "Na ga abin da zan gani a duniya."

Ga abin da na rantse a kai, an miƙo mini. Wallahi na ɗan ji sanyi a raina, ba zan ɓoye muku ba. Amma na san tsohon nan. Ya san in na shiga Garwa ni kaɗai bayan abin da ya faru, zan ɗauka hukunci ne, kuma har in mutu ba zan daina ɗauka ba. Idonsa zai bayar don kada in ji kunya. Na dubi hannunsa a kan gwiwa, duk ƙujewar dutse.

Na ce, "Baba, ka zauna."

Ya ce, "Kai fa?"

Na ce, "Ina da kifi a kan wuta a gida." Na tashi na fita.

A dawowa jirgin ƙasa na hau zuwa Ngaundere, ban ga komai ba a hanya, ban kuma yi hira da kowa ba, saboda haka kada ku tambaye ni. Na iso, na buɗe ɗakin Baba, na rufe.

Bayan mako uku Habu ya kira ni da hantsi, ina tsakar kasuwa. Ya ce an yi aikin, an dace, yau aka cire bandeji. Na ce alhamdu lillahi, amma a raina ina cewa shi ke nan, shekara shida ina jan hannu, fuskar Habu ce ta farko da zai gani. Na ce, "To me ya ce da ya gan ka?"

Habu ya ce, "Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, Isiyaku, yaushe ka yi ƙiba haka?" Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Hamma, tun da ka tafi, duk wanda ya miƙa masa ruwa a gidan nan sunanka yake kira. Ni na goyo shi daga teku, amma da ya ba maƙwabcina labarin, cewa ya yi kai ne."

Na ji daɗi. Allah ya gani, har cikin ƙashina na ji daɗi, ina tsaye cikin ƙarnin kifi ina murmushi kamar wawa. Sai da ya kashe wayar na lura muryar ƙanena rawa take yi, ni kuma ko sannu ban ce masa ba.